Jikinta Take Ci: Gaiwar Fadama da Manyan Kifayen Teku

Idan albashi ya yi jinkiri, ko kasuwa ta tsaya cik, akwai maganar da ke fitowa daga bakin Bahaushe: "Mun zama gaiwa, jikinmu muke ci." Ɗan kasuwa yana faɗinta idan riba ta ɗauke ya koma cin uwar kuɗi. Ma'aikaci yana faɗinta idan ya fara sayar da tunkiyar da ya ajiye ko filin da ya saya don ya ga ƙarshen wata. Da yawa cikin masu faɗinta a ofisoshin Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja ba su taɓa ganin gaiwa da rai ba, wasu ma suna ɗaukar zancen kamar na tatsuniya. Alhali kuwa bayani ne na ilimin halitta, kuma daidai yake ƙwarai: gaiwa jikinta take ci. Abin da ya sa na ɗauko maganar a wannan makon shi ne ba gaiwa kaɗai ke yin haka ba. Biyu daga cikin kifayen da suka fi ɗaure wa masana kai a duniya sun gina rayuwarsu a kan irin wannan haƙuri, kuma haƙurin da ya raya su miliyoyin shekaru shi ne ya zame musu rauni a zamaninmu.

Sunaye tukuna

Ni ɗan Dodoru ne, a ƙasar Gwandu, kuma tsakaninmu da teku akwai tazarar kusan kilomita 700. Yawancin kifin da na tashi na sani banda ne, a kwando ko a tire ranar kasuwa. Kifin shak a fim muka san shi, da fiffikensa na baya yana keta ruwa, mutane suna ihu. Na biyun kuwa ko sunansa ba mu da shi. Kifi ne dogo mai santsi, siffarsa ta maciji, wanda Turawan Ingila ke kira il, Larabawa kuma ankalis. Zan ari sunan Larabawa don ya fi zama a baki. Ankalis yana cikin kogunan Turai da na Arewacin Afirka, danginsa suna gabashin Afirka da Asiya da Amurka, amma babu shi a gulbin Rima, babu shi a kogin Neja.

Duk da haka ruwanmu bai rasa masu riƙe da waɗannan muƙamai ba. Wajen farauta muna da giwan ruwa da tsage. Wajen dogon jiki da ɓoyayyar rayuwa muna da gaiwa da yauni. Ba dangin shak ba ne, ba kuma dangin ankalis ba, kowa da zuriyarsa. Abin da ya haɗa su sana'a ce: matsala ɗaya suka fuskanta, ta yadda za a rayu inda abinci ke zuwa lokaci guda ya ɗauke lokaci mai tsawo, suka kuma warware ta ta hanyoyin da suka yi kama da juna.

Mai gida a ƙarƙashin laka

Dangin mahaifiyata suna wani ƙauye a ƙasar Kalgo, bakin fadamar gulbi, kuma can ake tura ni hutun makaranta. Wata bazara, ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, kawuna ya ɗauki dagi da kalme ya ce in biyo shi. Muka shiga tsakiyar wani tafki da ya ƙafe, lakarsa ta tsattsage har ƙafata tana iya shiga cikin tsagar. Yana tafe yana duban ƙasa kamar mai neman allura, har ya tsaya a kan wata 'yar ƙofa da ba ta wuce faɗin babban yatsa ba.

"Kawu, gidan ɓera ne?"

"Wane irin ɓera cikin tabki? Da mai gida ciki, kwana takai."

Ya haƙa kewaye da ramin a hankali ya ciro curin laka, ya fasa shi da hannu. A ciki akwai wani kunshi ruwan ƙasa, kamar busasshen ganye. Da ya yage shi sai ga kifi a naɗe, wutsiya ta rufe fuska, jikinsa da danshi a tsakiyar wannan ƙuna. Ya yi wani ɗan gurnani, na ja da baya.

"Kawu, me take ci a nan?"

"Jikinta taka ci, ɗana, har ruwa su zo."

Mun tono uku a ranar. Na ga wasu ƙofofin na nuna masa, ya girgiza kai ya saɓa daginsa. "In mun tone su duka, mi ruwa za su iske?"

Abin da kawuna ya sani da ido, masana sun bi shi da ma'auni. Gaiwa tana da huhu na gaskiya, kuma da shi take samun mafi yawan iskar da take buƙata. Idan aka tsare babbar gaiwa a ƙarƙashin ruwa aka hana ta leƙowa ta shaƙi iska, nutsewa za ta yi ta mutu kamar ɗan Adam. Iri huɗu ne a Afirka, da ɗaya a Kudancin Amurka, da ɗaya a Ostireliya, kuma zuriyarsu ta kai shekara miliyan 400 a doron ƙasa. Tamu ta Afirka ta Yamma wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, ya fara bayyana ta ga duniyar kimiyya a 1839, daga samfurin da aka kai masa daga kogin Gambiya.

Da damina gaiwa maciya ce ta gaske. Haƙoranta faranta ne masu tauri da aka yi don murƙushewa, shi ya sa dodon koɗi da ƙaguwa ba su gagare ta. Tana cin kwaɗi da ƙananan kifaye da tsutsotsi da ƙwari, tana haɗawa da saiwoyi da 'ya'yan ciyawa. A watannin nan take tara naman da za ta rayu a kansa. A lokacin ne kuma take hayayyafa, a rami cikin ciyawar fadama, namijin ya tsaya gadin ƙwai da 'ya'ya.

Idan ruwa ya fara ja da baya, sauran kifaye suka bi shi zuwa gulbi ko suka maƙale suka zama abincin balbela da masunta, ita sai ta nufi ƙasa. Da baki take haƙa, tana gutsurar laka tana fitar da ita ta gefen kai, har ta yi rami ta naɗe a ƙarshensa, kai yana duban sama. Fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama kunshin nan da kawuna ya yage, da 'yar kafa ɗaya a daidai baki wadda iska ke bi. Daga nan sai ta rage komai. Bugun zuciya ya sauka, numfashi ya yi nisa da juna, har an ƙiyasta cewa aikin jikinta na iya komawa kashi ɗaya cikin sittin na yadda yake da damina. Ɗan abin da take buƙata daga tsokar jikinta take narkar da shi.

Akwai matsala a nan. Jikin da ke narkar da tsoka yana haifar da amoniya, guba ce, kuma kifin da ke cikin ruwa yana zubar da ita ne a ruwan da ke kewaye da shi. Gaiwa a rami ba ta da inda za ta zubar. Sai ta mayar da gubar yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, ta tara ta a jiki har ranar da ruwa zai dawo ta fitar da ita. Wani Ba'amurke masanin aikin ƙoda, Homer Smith, ya yi nazarin wannan a wajajen 1930. A fadama kwanan gaiwa yakan kai wata bakwai ko takwas. A ɗakin gwaji an ga wadda ta haura shekara uku a cikin kunshinta, aka zuba mata ruwa ta warware ta ci gaba da harkarta. Ramammiya take fitowa, amma da rai.

Wanda ke rufe cikinsa ya kama hanya

Aristotal, da ya rasa gane inda ankalis ke haihuwa, cewa ya yi daga laka yake fitowa. Da a fadamar Kalgo ya zauna yana magana a kan gaiwa, da an ce ya kusa gaskiya. Abin da ya ruɗe shi ya ruɗi Turai sama da shekara dubu biyu: ana kama ankalis a kowane kogi, ana cinsa, amma ba a taɓa ganin ƙwansa ko jaririnsa ba. A 1876 wani ɗalibi mai suna Sigmund Freud, wanda daga baya ya shahara a nazarin tunanin ɗan Adam, ya feɗe ankalis kusan 400 a garin Tiriyeste yana neman gaɓar haihuwar namiji, bai samu abin da zai kafa hujja da shi ba.

Wanda ya warware ƙullin wani ɗan ƙasar Denmak ne, Johannes Schmidt. Tun daga 1904 ya shiga yawo a Tekun Atilantika yana tace ruwa da raga mai ƙananan idanu, yana neman jariran ankalis, waɗanda suke kamar ganyen darbejiya amma garau kamar gilashi. Dabararsa mai sauƙin faɗi ce: inda jariran suka fi ƙanƙanta, nan ne kusa da mahaifarsu. Ya shafe kusan shekara 20 yana bin wannan sawu, har ya kai shi Tekun Sargaso, wani yanki na Atilantika can kusa da Amurka, sama da kilomita 5,000 daga kogunan Turai.

Ga yadda rayuwar take. Jariri yana ƙyanƙyashewa a Sargaso, igiyar ruwa ta ɗauke shi tsawon shekara biyu ko kusa da haka har gaɓar Turai. Can ya sauya siffa ya zama ɗan siririn kifi kamar zare, ya shiga bakin kogi ya hau sama. Zai zauna a kogi ko tafki shekara biyar, goma, wani har ashirin. Da rana yana ɓoye cikin laka ko ƙarƙashin dutse, da dare ya fito cin tsutsa da ƙwari da dodon koɗi da ƙananan kifaye, kusan abincin gaiwa. Idan dare ya yi danshi yana iya ratsa ciyawa daga wannan ruwa zuwa wancan. Idan sanyi ya tsananta ya nutse cikin laka ya daina motsi.

Sai wata shekara, da kaka, jikinsa ya juya. Idanunsa su ƙara girma, cikinsa ya yi fari kamar azurfa, hanjinsa ya shanye. Daga ranar ba zai ƙara cin komai ba har ya mutu. Da kitsen da ya tara zai sauka kogi ya shiga teku, ya yi tafiyar watanni zuwa inda aka haife shi, kuma daga kitsen nan ne ƙwai da maniyyi za su ginu a hanya, abin da ya sa Freud bai same su a jikin waɗanda ya feɗe ba. Ya hayayyafa sau ɗaya, ya mutu. Sai a 2022 aka wallafa shaidar farko ta kai tsaye, daga na'urorin da aka maƙala wa wasu a tsibiran Azores, cewa manyan suna isa Sargaso. Har yau ba wanda ya ga barbararsu da ido.

Gaiwa tana cin jikinta a kwance tana jiran ruwa. Ankalis yana cin nasa a kan hanya. Dukansu sun tara a lokacin yalwa don su biya kuɗin wani dogon lokaci da ba a ci.

Dodon fim da kifin gaskiya

Shak ya fi iri 500, kuma yawancinsu ba su kai tsawon mutum ba. Mafi girmansu, wanda shi ne kifi mafi girma a duniya, yana haura mita 12, amma abincinsa ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa ne, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu. Buɗe baki yake yi ya tace ruwa kamar mai tankaɗe. Akwai masu murƙushe ƙaguwa da katantanwa a ƙasan teku. Akwai mai zane irin na damisa da ba ya zaɓe, daga kunkurun teku har mushe. Akwai babban farin shak na fim, wanda da ƙuruciya kifi yake ci, idan ya girma ya koma farautar dabbobin teku masu kitse. Mutum ba ya cikin jerin abincin ko ɗaya daga cikinsu. Waɗanda shak ke kashewa a duniya duka ba su wuce goma ko kusa da haka ba a shekara, sauro kuwa yana kashe kusan mutum 600,000 da zazzaɓin cizonsa. Fim ɗin Jaws na 1975 ne ya dasa tsoron a zukatan duniya, kuma marubucin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, Peter Benchley, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare shak.

Jikin shak ba shi da ƙashi, guringuntsi ne. Haƙoransa layi-layi suke, na gaba ya faɗi na baya ya matso, har ya zubar da dubbai a rayuwarsa. Rumbunsa kuwa hantarsa ce, wadda a wasu irin take kai rubu'in nauyin jiki, cike da mai. Man yana taimaka masa ya tsaya a ruwa kada ya nutse, shi ne kuma guzurinsa. Tsakanin 2003 da 2004 an bi sawun wata farar shak da ta tashi daga Afirka ta Kudu ta isa Ostireliya, kilomita 11,000 cikin kwana 99, ta kuma komo gida cikin ƙasa da wata tara. Tsakiyar teku hamada ce ta ruwa, abinci ya yi ƙaranci, kuma irin wannan tafiya da abin da aka tara ake yin ta.

Akwai wata baiwa da shak ke da ita wadda labarin gano ta ya ratso ta ruwanmu. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya lura da yadda yauni, kifin nan namu da wasu ke kira ɗan sarki, yake tafiya da baya cikin duhu ba ya karo da komai. Ya gano cewa yauni yana fitar da lantarki mai rauni daga wutsiyarsa ba dare ba rana, yana kuma jin yadda abubuwan da ke kewaye suke karkatar da shi. Minjirya da ke girgiza hannun masunci an san ta tun zamanin Fir'aunonin Masar, amma lantarki a matsayin ido sabon abu ne. Daga nan aka koma kan wasu ƙananan ramuka da ke hancin shak, waɗanda aka daɗe da sani ba a san aikinsu ba. A 1971 wani ɗan Holan, Adrianus Kalmijn, ya nuna cewa da su shak ke jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin kifin da ya ɓuya cikin yashi. Gaiwa ma tana da irin wannan ji. Mai farauta a ruwan da ya gurɓace da laka ba ya dogara da ido.

Abin da fim bai nuna ba shi ne jinkirin shak. Yawancin kifaye suna zuba ƙwai dubbai ko miliyoyi, giwan ruwa ma haka take. Manyan shak kuwa kamar shanu suke: sai sun shekara goma ko fiye kafin su balaga, ciki ya daɗe, a haifi 'ya'ya kaɗan. Akwai irin da cikinta ke kusan shekara biyu. Na tekun Girinlan, bisa binciken da aka wallafa a 2016, yana rayuwa aƙalla shekara 272, kuma macen ba ta fara haihuwa sai ta kusa shekara 150. Halittar da aka yi wa wannan tsari ba ta saba da a kashe manyanta ba, don tun fil'azal ita ce a sama. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce mutane suna kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, saboda nama da fiffike da waɗanda raga ke kwasowa ba da niyya ba. Wani binciken na 2021 ya nuna cewa shak na tsakiyar teku da danginsu sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970. Ankalis na Turai ma haka: jariran da ke isowa gaɓa sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun shekarun 1980, saboda madatsun da suka tare masa hanya, da gurɓatar ruwa, da fasa-ƙwaurin jariransa zuwa gonakin kifi na Asiya, waɗanda har yau ba su iya hayayyafa shi don kasuwa ba.

Kalandar ruwa

Duk waɗannan kifaye sun iya jure yunwa, zafi, da nisa. Abin da ba su iya jurewa ba shi ne a canza musu lokaci. Dabarar tarawa da jira tana aiki ne kawai idan abin da ake jira zai zo. Shak yana jiran shekarun balaga, ankalis yana jiran daren da zai sauka kogi ya tarar da hanya a buɗe, gaiwa tana jiran ambaliya.

A nan zancen ya dawo gida. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi da ƙasar Kalgo har su faɗa Neja. Kifin wannan gulbi ba a cikin kwarin gulbin yake haihuwa ba. Idan ruwa ya cika ya malala fadama, kifaye suna bin sa cikin burugu da sauran ciyayi. Can bargi ke gyara sheƙarsa mai da'ira, can yauni ke yin tasa mai yawo a kan ruwa, can 'ya'yan ƙarfasa da tarwaɗa ke samun abinci da maɓoya. Masana kamun kifin koguna sun daɗe da lura cewa yawan kifin da ake kamawa a shekara yana bin girman ambaliyar shekarun da suka gabace ta. Masunta sun riga su sani.

An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Wani masani daga Kambirij, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya rubuta yadda ambaliya ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi. Sannan noman rani ya bunƙasa, daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990 zuwa shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Ba ni da bakin zagin shinkafa. Ita ta biya kuɗin makarantar 'yan'uwana da dama, ita ta sa aka san sunan Kebbi a kasuwannin Legas. Sai dai ƙasar da ake kaftu da ban-ruwa a watan Maris ita ce ɗakin kwanan gaiwa. Tafkin da a da ake bari ya ƙafe da kansa, yau injin ban-ruwa yana iya zuƙe shi cikin kwana biyu a kwashe duk abin da ke ciki. Ga taru mai ido kamar gidan sauro da ba ya barin ko ɗan tsako, ga masu zuba gamalin a ruwa. Gaiwa ba ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, faɗin ƙasarta ya cece ta. Amma halitta tana iya wanzuwa a littafin masana alhali ta ɓace a tafkin ƙauyenku.

Abin da ya kamata mu lura da shi, mu da muka yi boko, shi ne ƙasar Kabi ta daɗe da mallakar maganin wannan ciwo. Ruwa yana da sarki. Akwai lokacin da ake rufe shi, akwai ranar fashin ruwa da ake buɗe shi, akwai su da gari ke fita tare da homa da gora a yi a gama. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, an gina shi ne a kan hani: Matan Fada a rufe take sai ranar biki. Kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Irin wannan kifi shekaru ne masu yawa da aka bar shi ya yi, kuma hanin Sarkin Ruwa ne ya ba shi su. Ƙasashen da ke ƙoƙarin ceto shak a yau, da keɓe yankunan teku da hana kamu a lokacin haihuwa, wannan dokar suke sake ƙirƙirowa da wasu sunaye.

Darasin giwan ruwa yana da wani gefen. A shekarun 1950 aka ɗauke ta aka zuba a Tafkin Biktoriya, inda ba gidanta ba, kuma cikin shekaru talatin ta taimaka wajen shafe kusan iri 200 na ƙananan kifayen tafkin. A gulbinmu kuwa ta zauna da ƙarfasa da kurungu tun kafin a san tarihi, ba ta ƙarar da kowa ba. Mafarauci a gidansa ba annoba ba ne. Yana rage masu rauni da masu yawa, kuma ganinsa da girma alama ce cewa duk abin da ke ƙasa da shi yana nan lafiya. Ranar da aka daina ganin babbar giwan ruwa ko tsage a kasuwar Yawuri ko Argungu, ba su kaɗai suka tafi ba.

Cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai injiniyoyin da ke tsara ranar buɗe ƙofofin madatsa, da malaman gona, da masu rubuta dokokin ƙananan hukumomi, da masu ba da bashin noma. Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfinsu ba: a saki ruwa a lokacin da kifi ke haihuwa ko da na makonni ne, a bar wa kowane ƙauyen fadama tafki ɗaya da ba a zuƙewa ba a nomawa, a tsayar da girman idon taru, a kuma mayar wa sarakunan ruwa ƙarfin hukunta wanda ya karya hani, tunda su ne ke bakin ruwan dare da rana.

Mai cewa ya zama gaiwa yana faɗin rabin magana ne. Sauran rabin shi ne gaiwa ba ta shiga rami sai da lissafi: ta tara abin da zai kai ta wata takwas, da rarar da za ta iya kai ta shekara uku idan damina ta saɓa. Gidan da ke cin uwar kuɗi, da jihar da ke cin kifin da bai haihu ba, ya kamata su san watanni nawa suka rage a jikinsu, su kuma tambayi kansu ko sun bar wa ruwan hanyar da zai biyo.